Injin kaftu na lantarki yana tsalle maimakon ya shiga ƙasa: ina mafita?

Sabon Mai Lambu:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san aiki da injin kaftu na lantarki, irin ƙaramin nan mai waya da ake riƙewa da hannu biyu. Filin da nake son mayarwa lambu ya daɗe ba a noma shi ba, ƙasar ta yi tauri kuma ciyawa ta rufe ta. Da zarar na kunna injin sai ya riƙa tsalle yana fizgata gaba, ciyawa kuma tana nannaɗe haƙoransa har su tsaya. Ban da haka, hankalina ba ya kwanciya da wayar da ke jan ƙasa a bayana. Shin aikin ne ya fi ƙarfin injin, ko akwai hanyar da ya kamata in bi?

Tsohon Manomi:

Wa alaikumus salam, Malam. A ganina injin ba shi da laifi, ƙasar ce ba ta shirya ba. Waɗannan injina ba su da nauyi, kuma yawancinsu ba sa wuce zurfin santimita 20 ko da a ƙasa mai laushi, saboda haka idan suka tarar da busasshen laka babu abin da za su yi sai tsalle. Ka fara sare ciyawar ka kwashe ta, ka tsince duwatsu da guntayen ƙarfe da tsofaffin igiyoyi, sannan ka shayar da filin sosai ka bar shi kwana ɗaya ko biyu. Kafin ka kunna injin, ka damƙi ƙasa a tafin hannunka: idan ta dunƙule amma ta ruguje da ɗan taɓawa, lokaci ya yi, idan ta manne kamar cingam, ka ƙara haƙuri, domin kaftun jiƙaƙƙiyar ƙasa yana barin manyan hoge da za su bushe su ƙi fashewa.

Kada ka nemi cikakken zurfi a zagaye ɗaya. Ka bi filin sama-sama tukuna, ka sake bi a gicciye, kowane zagaye yana ƙara zurfi kaɗan. Aikinka shi ne ka riƙe injin ya tsaya a wuri ɗaya har ya ci ƙasar, ba ka danna shi da ƙarfi ba. Wurin da ya yi tsauri ƙwarai kuwa, diga ce za ta buɗe shi da farko.

Mai Aikin Lantarki:

Ɗan'uwa, tsoron da kake yi wa wayar yana kan hanya, kuma shi ne ya fi damuna a tambayarka. Kada ka jona injin sai ta na'urar RCD mai miliamfiya 30, wadda ke katse wuta nan take idan ta fara zurarewa ta jikin mutum ko ta ƙasa. Wayar ƙari ta zama irin wadda aka yi don aikin waje, mai kaurin da ya dace da ƙarfin injin, kuma ka warware ta gaba ɗaya daga kan abin naɗinta, domin wayar da ke naɗe tana ɗaukar zafi idan injin yana jan wuta. Ka fara aiki daga kusa da soket kana nisanta, wayar tana rataye a kafaɗarka ta ɓangaren da ka riga ka gama. Ba a aiki da shi cikin ruwan sama, kuma ka tabbatar babu bututun ruwa ko wayar wuta da aka binne a filin.

Idan ciyawa ta nannaɗe haƙoran, sakin makunni bai wadatar ba. Ka zare fulogi, ka jira haƙoran su daina juyawa, sannan ka sa hannu da safar hannu. Takalmi mai rufi da tabarau na kariya wajibi ne, riga mai lilo kuma a ajiye ta, yara su yi nesa saboda tsakuwar da injin ke watsawa.

Mai Renon Tsirrai:

Na yarda da bayanan malaman nan biyu, sai dai ina so ka duba irin ciyawar kafin komai. Idan kiri-kiri ce ko aya-aya ko tofa, injin zai daddatsa saiwoyinsu, kowane guntu kuma zai iya tsirowa da kansa, ka wayi gari ciyawar ta ninka. Irin waɗannan tono su ake yi da hannu a fitar da saiwar. Sannan ban goyi bayan yawan zagaye ba: ƙasar da aka niƙe ta zama gari tana yin ɓawo bayan ban ruwa, tana kuma rasa tanar da ke buɗe mata ƙofofin iska. Zagaye biyu ko uku sun isa, na ƙarshen ya zama na cakuɗa ruɓaɓɓen taki.

Sabon Mai Lambu:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Na duba, kiri-kiri ce a gefe guda na filin, don haka zan tone ta da hannu in shayar da ragowar. An kuma ce mini a iya jan injin da baya don ya ƙara zurfi. Shin hakan ba shi da haɗari ga wayar da ƙafafuna?