Baba ya ce a cire masa robar fitsari, ya zan yi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ne, shekararsa 68, yana Kumo ni ina Gombe. Tun damina yake tashi fitsari sau biyar sau shida cikin dare, in ya tsuguna sai ya daɗe bai zo ba, ya miƙe kuma ya ɗiga a wando. Har sahun gaba ya bari saboda sake alwala. Mun ɗauka sanyi ne, yayana ya yi ta kawo jiƙo, ni kuma girbi ya ɗauke min hankali. Ran Talata fitsarin ya tsaya cak, mara ta kumbura, aka sa masa roba. Sun ce furostet ne, gwajin jini na furostet da ake kira PSA ya hau. Yanzu ya dage sai an cire robar. Kansa ce, wato ciwon daji?

Ma'aikaciyar jinya: Wa'alaikumus salam, Allah ya ba Baba lafiya. Furostet wata 'yar tsoka ce kamar goro, wajen giram 20, a ƙarƙashin mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa tsakiyarta. Ita ke samar da wani kaso na ruwan maniyyi. In namiji ya haura 50 takan girma ta matse hanyar, kamar an taka tiyo, kuma yawanci ba kansa ba ce. PSA ɗin nawa ne? Yaushe aka ɗebi jinin?

Likita: Malam, kada kowa ya ja robar nan a gida. Bakinta na ciki akwai balan-balan da aka hura da ruwa, in aka finciko ba a zuƙe ruwan ba sai ta yaga hanya. Akan fara ba shi maganin tamsulosin, mai sassauta hanyar fitsari, miligiram 0.4 kullum, bayan 'yan kwanaki a cire a asibiti a ga ko zai yi da kansa. Yana sa jiri, ya riƙa miƙewa a hankali. A yi sikanin da gwajin ƙoda, don fitsarin da ya taru yana komawa ya danne ta. PSA kuwa, tsayawar fitsari da roba da ƙwayoyin cuta duk suna ɗaga shi. A sake bayan 'yan makonni.

Mai ɗakin gwaji: Likita, ban yarda da jiran ba. Shekara 68, gara a wuce Asibitin Koyarwa na Tarayya nan Gombe, likitan mafitsara ya duba furostet ɗin da yatsa ta dubura. In akwai ciwon baya ko rama, ai ba a jira.

Mai harhaɗa magani: Abin da ke ci min rai masu sayar wa tsoho maganin mura ba tambaya. Wasu daga ciki su ke tsayar da fitsari. Ya sha?

Likita: Ban hana dubawa ba. Na ce kada a yanke hukunci da lambar da aka ɗauka da roba a jiki. In an ƙara maganin finasteride, yakan kai wata 6 kafin ya rage girman furostet, kuma yana raba PSA kusan biyu, a gaya wa mai gwaji.

Mai tambaya: Na gode. Amma ba sakaci muka yi ba, Baba ba ya faɗar irin wannan ga 'ya'yansa. Takardar gwajin tana hannun yayana. Jiƙon kuma Baba ya ce shi ke sa shi barci, ban ga yadda zan hana shi ba.