Sinafa na tsinke zare a duwatsun tekun Takoradi, ƙasar Ghana

'Yan'uwa masunta, ina neman shawara kan kama manyan jan kifin sinafa daga kwale-kwale da koton roba (abincin ƙarya na roba da ake sa wa ƙugiya don jawo kifi).

Zurfin wurin mita 30 ne, ƙasan duk duwatsu. Koton inci 7, dalmar kan ƙugiya giram 28, amma igiyar ruwa na janye shi kafin ya taɓa ƙasa. In aka ƙara zuwa giram 56 sai ya maƙale, kifin ma ya ƙi ci.

Babbar matsalar ita ce, da kifin ya haɗiye koton sai ya nutsa cikin ramin dutse, zaren gaba (guntun zaren da ke haɗe da ƙugiya) mai iya ɗaukar nauyin fam 40 ya gogu ya tsinke. A koma fam 60 ne, ko a ƙara ɗaure birkin na'urar naɗi? Laimar da ake jefawa cikin ruwa don rage gudun kwale-kwale za ta taimaka?