Ina son tafiyar wata biyar ni kaɗai, yara sun riƙe min fasfo: ina neman shawara

Baban Hauwa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, abin ne ya cika min ciki.

A Kumasi aka haife ni, a unguwar Aboabo. Fataucin goro ya kai mahaifinmu can, ya yi aure, ya gina gidansa. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Gana. Ina yaro ƙarami aka loda mu a bayan babbar mota da tabarmi da tukwane. Baba ya damƙa gidan a hannun wani amininsa, muka baro kabarin yayata da ƙyanda ta ɗauke tun ban yi wayo sosai ba. Har Allah ya karɓi ransa a Tudun Wada bai sake taka ƙasar ba, kuma har ya rasu in zai yi zancen Kumasi "gida" yake cewa. Ni abin da ya rage min shi ne layin famfo da asuba, da shinkafa da wake da ake dafawa da karan dafi ana zubawa a ganye, da muryar ladanin masallacin layinmu.

Bayan nan na yi aikin gwamnatin tarayya a Ikko, ina zaune a Obalende har aka mayar da babban birni Abuja a 1991. A Obalenden muka fara zama da uwar 'ya'yana, a ɗaki ɗaya. Daga baya Allah ya nufe mu da ziyarar Madina Baye, unguwar Shehu Ibrahim Inyass a Kaulaha ta ƙasar Senegal, ni da ita, a kan hanyar dawowa muka tsallaka tsibirin Gore daga Dakar. Ta tsaya a gidan nan da ake nuna inda ake tsare bayi, ta yi kuka, ta ce in mun tsufa mu dawo mu kwana biyu a nan tunda ba mota ba hayaniya. Bara Allah ya yi mata rasuwa.

Niyyata ita ce bayan ƙaramar Sallah in kama hanya ta ƙasa: Ikko, Kwatano, Lome, Akara, Kumasi, Abijan, har Dakar da Kaulaha. Ba gaggawa nake so ba, inda raina ya kwanta in yi wata guda. Ni kaɗai nake son tafiya. Babban ɗana ya karɓi fasfona da sunan zai duba ko ya kusa ƙarewa, har yau shiru. Yaya zan yi da su ba tare da mun ɓata ba? Kuma wanda ya san hanyar nan ya taimaka min.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam Baba. Allah ya jiƙan Hajiya. Amma ba ka faɗa mana lafiyarka ba, kuma wa ke gidan yanzu? Yara ba sa riƙe fasfon uba haka kawai.

Alhajin Kakuri:
Alhaji, ni ka saurara, na ci kasuwar atamfa da leshi a hanyar nan tun masaƙun Kakuri suna aiki. Daga Ikko zuwa Abijan kusan kilomita 1,000 ne, iyaka huɗu: Seme, Hilakonji, Aflawo, sai Elubo. Da fasfon ECOWAS ba ka buƙatar biza, kwana 90 kake da su a kowace ƙasa, saboda haka zaman wata guda a Kumasi ba matsala ba ne. Abin da zai tsayar da kai shi ne katin rigakafin zazzaɓin shawara. In babu shi za ka sha wuya a kowace iyaka. Allurar sau ɗaya ake yi ta ishe ka har ƙarshen rayuwa, amma ka tabbata katin na gaskiya ne, ba na bayan tasha ba. Kuɗi kuma, Benin da Togo da Kodibuwa da Senegal duk sefa suke ci, Gana ce kaɗai mai sidi. Ka canza sefarka tun daga gida, ka raba ta wuri uku a jikinka, kada ka dogara da katin banki.

Inda ban yarda ba ko kaɗan shi ne Abijan zuwa Dakar ta ƙasa. Motocin ta Bamako suke bi su fita ta Kayes, kuma tun 2025 masu ɗauke da makamai ke ƙona tankokin mai a hanyoyin nan. Ga shi Mali da Nijar da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025. Ka hau jirgin sama daga Abijan, magana ta ƙare. Kuma wata biyar ɓarnar kuɗi ce. Duk abin da ka lissafa ni a mako uku zan gama maka shi.

Baban Hauwa, Unguwar Rimi:
Na gode Alhaji, maganar jirgi daga Abijan zan duba. Amma mako uku tafiyar ɗan kasuwa ce. Ni ba sari zan je ba. Neman gidan da aka bari tun 1969 ba aikin yini biyu ba ne, sai na zauna da dattawan zango, na yi salla da su, sun san fuskata kafin wani ya tuna mahaifina.

Maman Ilham, ina da ciwon suga amma ƙwaya nake sha, ba allura ba, kuma ina kiyayewa.

Ummu Sudais, Kawo:
Baba ka yi haƙuri, ni ina bayan yaranka. Mahaifinmu haka ya yi mana. Yana karɓar giratuti ya ce zai je ya ga ƙasa, ya ga abokan makaranta. Kafin shekara ta zagayo ba ko sisi, ya dawo da hawan jini, mu da muke fama da kuɗin makarantar yara muka koma sayen magani. Har yau ƙannena maza ba wanda ya taɓa kawo ko kwalin ƙwaya ɗaya, komai a kaina, kuma in an tashi rabon gado su ne a gaba. Mijina ma ya fara gajiya, ni kaɗai na san abin da nake haɗiyewa. Iyaye su riƙa tuna cewa in abu ya lalace a kan 'ya'ya mata yake faɗowa.

Abu Ammar:
Ni tambayata ita ce mene ne hukuncin ɗaura niyyar tafiya don ziyarar kabari? Da kuɗin nan ai Umara ta fi, ko ka haƙa rijiya ladan ya isa ga Hajiya. Kuma an hana mutum tafiya shi kaɗai.

Ɗan Tudun Nufawa:
To fa, an fara. Mutum ya zo neman shawarar hanya, kai ka kawo masa mumbari. Dubban mutane ke zuwa Maulidin Kaulaha daga Najeriya duk shekara, a can kabarin Shehu Ibrahim Inyass yake tun rasuwarsa a 1975. Baba, shawarata ka jira Rabi'ul Awwal ka bi ayarin zawiyya. Ka samu abokan tafiya, ka samu masauki, yara su samu kwanciyar hankali. Daga Kaulaha zuwa Dakar ba ta kai kilomita 200 ba, daga tashar jirgin ruwa kuma minti 20 ne ka sauka Gore.

Mai kula da zaure:
Don Allah ba muhawarar aƙida a nan. Wanda ya sake zan goge.

Alhajin Kakuri:
Ayari ba zai kai shi Aboabo ba, kuma ayari ba ya jiran mai ciwon ƙafa. Alhaji, bari in gaya maka abin da ba wanda zai gaya maka: Kumasin da ke kanka babu ita. Kasuwar Kejetiya an rushe an yi ta zamani mai hawa. Aboabo ta cika ta batse har ta haɗe da Asawase. Gidan babanka in yana nan to jikokin amininsa ne a ciki, kuma da ka ce kai ɗan mai gidan ne za su ɗauka ƙwace ka zo yi, ba wanda zai ba ka ko ruwa. Kada ka ambaci gida ko kaɗan. Ka fara da sarkin zango, ka ce zumunci ya kawo ka. Dakar ma filin jirginsu na yanzu, wanda aka buɗe a 2017, yana can Diyas, nesa da gari. Ni na san abin da nake faɗa. Akwai wata iyaka da masu kaki suka zaunar da ni tun azahar har isha a kan dila biyu, takarduna cikakku, sai da na ajiye abin da ban yi niyya ba. Su mutanen nan in suka ga furfura da baƙunta, sun samu abinci.

Malama Asabe:
Ni ban ga laifin tafiyar ba. Tun da maigidana ya rasu kowa ke yanke min hukunci, daga abin da zan ci har bikin da zan je, wai tausayi. Wanda bai zauna shi kaɗai a ɗakin da aka saba zama biyu ba, ba zai gane ba. Baba ka je. Sai dai ka ɗauki maganin da zai ishe ka tare da takardar likita, kuma ka tambaya ko akwai tantance 'yan fansho a watannin nan, don in aka yi ba ka nan sai an tsayar maka da kuɗi. Ka kira ƙaninka ko wani amininka da ɗan naka yake jin nauyi, shi ya karɓo fasfon. Kai da kanka kada ka tsaya jayayya da ɗan cikinka.

Ummu Sudais, Kawo:
Malama, in suga ya faɗi a cikin mota tsakanin Lome da Akara wa zai san abin da za a ba shi? Aƙalla ya tafi da jika ɗaya.

Baban Hauwa, Unguwar Rimi:
Jikokina duk suna makaranta, kuma ko da ba sa yi ba zan ɗauka ba. In na tafi da yaro, shi zan koma kula da shi, ya ci bai ci ba, ya gaji bai gaji ba. Ina son in zauna a bakin ruwan Gore ba wanda ke duba agogo saboda ni. Kuɗin kuma na kaina ne, filina na Rigasa na sayar, ban taɓa na kowa ba, kuma kowannensu na yi masa karatu har ya gama. Umara na yi, Alhamdulillahi, rijiya ma an haƙa wa Hajiya a ƙauyensu. Alhaji, na ji maganarka a kan gidan, amma ba zan je Aboabo in ɓoye sunan mahaifina ba. Ba mallakar gidan nake nema ba, kabarin yayata nake nema, kuma ba yadda za a nuna min shi ban faɗi ko ni ɗan wane ne ba.

Alhajin Kakuri:
Maƙabartar yara ta shekara sama da 50? Alhaji, ka dai ji abin da na gaya maka. Mako uku.

Maman Ilham:
Baba, filin Rigasa da ka sayar, yaran sun san an sayar kuwa? Kuma har yanzu ba ka ce mana wa ke gidan ba. Hauwa ta yi aure ne ko tana gabanka?