Khipu: wace kalma za mu ba shi a Hausa?

Jama'a ina so mu tsayar da magana a kan sunan abin nan na mutanen daular Inka ta Kudancin Amurka da ake gani a gidajen tarihi, wanda ake cewa khipu. A tattaunawarmu Malam ya kawo kifu, Yaya ta kawo carbin Inka, an kuma kawo ƙulle-ƙullen Inka da zaren lissafi. A yarensu na Kecuwa ma'anar kalmar ƙulli ne kawai. Igiya ce ɗaya mai kauri, sai a rataya mata ƙananan zare na auduga ko na gashin alfaka, wata dabba dangin raƙumi, wani ma har ɗaruruwa, kowane zare da kalarsa da ƙulle-ƙullensa. Da shi suke ƙidayar jama'a da haraji da abin da ke rumbunan sarki, akwai ma'aikata na musamman masu ƙullawa da karantawa, ga 'yan aike masu gudu da ƙafa da ke kai shi daga Kusko babban birninsu zuwa lardunan nesa.

Kuma lissafin goma goma ne, inda ƙullin ya zauna a jikin zaren shi ke nuna ko ɗaiɗai ne ko gomomi ko ɗaruruwa, sifiri kuwa wurin ake bari fili. Wani masani Ba'amurke, Leland Locke, shi ne ya warware wannan a 1912. Bayan zuwan Sifaniyawa a 1532 khipu da yawa sun salwanta, taron limaman coci na birnin Lima a ƙasar Peru a 1583 ma ya ba da umarnin lalata waɗanda suka ce na bautar gumaka ne. Abin da ya rage ya ɗan haura dubu ɗaya, kuma wasu ɗaruruwa suna Balin ta Jamus ba ma a Peru ba, wannan yana min ciwo gaskiya.

Toh Malam da ka ce mu rubuta kifu kawai, na gane dalilinka tunda ba mu da p, amma wallahi duk wanda ya ji a rediyo kifi zai ɗauka. Yaya kuma kin kawo carbin Inka, siffar ta zo kusa, sai dai carbi na zikiri ne, wannan kuwa takardar ofis ce a wurinsu.

Ƙulle-ƙullen Inka shi ne ya fi kusa da asalin kalmar amma shi na fi gudu. Bahaushe in ya ji ƙulle-ƙulle ba lissafi ke zuwa masa a rai ba, sihiri ne da masu tofi, kenan za mu sake yi wa mutanen nan irin kallon da limaman Sifaniya suka yi musu, alhali magatakarda ne da ma'aji suka yi aikin nan da iliminsu. Zaren lissafi kuma bai yi laifi ba, matsalarsa ya taƙaita abin, dan akwai waɗanda ƙullinsu bai bi tsarin lambobi ba kuma masana na zaton labari ne ko sunaye aka adana ciki, har yau ba a gama karanta su ba.

Ni dai na tsaya a kan kundin zare. Kundi mun san abin adana bayani ne ko lissafi ko tarihi, zare kuma ya faɗi da me aka yi shi, jam'i kundayen zare, mai kula da shi ma'ajin kundin zare. A karon farko cikin rubutu a ce kundin zare na Inka wato khipu, dan sunan da masu abu suka ba abinsu ya tsaya. Malaman da ke fassara a gidajen rediyo dan Allah ku gwada faɗinsa cikin jimla ku gaya mana ko ya zauna a baki.