Koken matan Cherokee: ya hana wani abu kuwa?

Baban Amira: Ni dai ina nan kan bakana, takardun koken da matan Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin Amurka, suka rubuta wa shugabanninsu ba su hana komai ba. A watan Mayun 1817 Nancy Ward da wasu dattijan mata suka roƙi majalisar ƙabilarsu kada a ƙara rabuwa da ƙasa. Watan Yuli na shekarar aka sa hannu, aka yankar wa Amurka wani yanki. Suka sake rubutawa a 1818, aka sake yanka a 1819. A 1838 sojojin Amurka suka tasa ƙabilar gaba zuwa yamma, kusan mutum 4,000 suka mutu. Ina amfanin?

Malama: Baban Amira, ka yi tsalle daga 1819 zuwa 1838, alhali maganar tana tsakani. Bayan 1819 majalisar ba ta ƙara ba da ƙasa ba. A 1829 ma ta kafa dokar kisa ga duk wanda ya sayar da ƙasa ba da yardar al'umma ba. Yarjejeniyar New Echota ta 1835, wadda ta miƙa wa Amurka sauran ƙasar, ba majalisa ce ta yi ta ba, su Major Ridge ne da Elias Boudinot da 'yan tsirarun 'yan ƙabilar. Shugaban Cherokee John Ross ya tara sa hannun kusan mutum 15,000 na ƙin ta. Abin da iyayen nan suka roƙa tun farko, shi ya zama matsayar al'umma.

Baban Amira: Matsayar da majalisar dattawan Amurka ta take a 1836, da ta amince da yarjejeniyar da rinjayen ƙuri'a ɗaya.

Malama: Wannan laifin shugaban Amurka Andrew Jackson ne da masu kwaɗayin zinaren jihar Jojiya, ƙanena. Su matan, 'ya'yansu suka rubuta wa, kuma 'ya'yan sun ji.

Ɗalibi: Malama, ki gafarce ni, ni wani abu ne ke ci mini rai. A wajen Cherokee dangi ta uwa ake bi, gida da gona na mace ne. A da tana miƙewa ta yi magana a taro. Ranar da har sai ta aika takarda, tana tuna wa maza cewa ita ta raine su a kan wannan ƙasa, ai ikon ya fara sulluɓe mata. Tsarin mulkin 1827 kuwa maza kaɗai ya ba ƙuri'a. To an ji su, ko dai an karɓi maganarsu an ajiye su gefe?

Malama: Nan ka taɓa inda yake mini ciwo, kuma ba zan musa ba.

Hajiya Babba: Ku duba Choctaw mana, wata ƙabilar 'yan asalin Amurka. A taron Dancing Rabbit Creek na Satumbar 1830 dattijan mata da mafi yawan jama'a suka ƙi a ba da ƙasa, mutane suka fara watsewa gida, sannan shugabansu Greenwood LeFlore da wasu shugabanni suka sa hannu. Jama'a suka kama hanyar yamma, shi ya yi zamansa a Misisipi da gonakinsa. Su Cherokee nasu shugaban, John Ross, tare da su ya yi tafiyar, matarsa Quatie a hanya ta rasu.

Baban Amira: Hajiya, na yarda shugabannin biyu ba ɗaya ba ne. Amma ƙasar fa, duka biyun sun rasa ta.