Neman kalma: me za mu kira faɗuwar babur da ba ta gudu ba?

Mai Shirin Hanya:
Assalamu alaikum jama'a. Ina cikin matsi, a taimaka. Ranar Alhamis da safe za mu naɗi shirinmu na rediyo a kan kiyaye haɗurra, wannan makon kuma na masu babura ne. An ba ni wani ɗan littafin koyar da tuƙi na Turanci in fassara babi guda, tun jiya na maƙale a kan kalma ɗaya, "drop". Ba haɗari suke nufi ba. Mutum ne yana tsaye, ko yana tafiyar da mai ƙafa ma zai jera da shi, ko yana tura babur ɗin da hannu, sai kawai ya tafi gefe ya kai ƙasa. Ba karo, ba gudu, ba wanda ya buge shi. Babin gaba ɗaya a kan bambancin wannan da haɗari yake, don haka in na ce "ya faɗi da babur" mai sauraro zai ɗauka a guje ne. Ina neman aikatau, ina kuma neman sunan da zan sa wa shirin. Abin yana raina ne domin ƙanena har yau da tabon salansa a ƙwaurinsa, kuma a ƙofar gidanmu ya same shi, ya dawo daga kasuwa ya tsaya ke nan zai sauka.

Ɗan Zazzau:
Wa alaikumus salam. Kayar da babur. "Ya kayar da babur ɗinsa." Ai shi ke nan.

Malamin Nahawu:
Kayar da aji na biyar ne, kunnen Bahaushe kuma yana jin hannun aikau a ciki. Ɗan kokawa ke kayar da abokin karawarsa. Yaro ya jingina da babur ya kayar da shi, wannan daidai ne. Amma mahayin da ya tafi ƙasa yana ta kokawar riƙe abinsa, ba shi ya kayar ba.

Uwar Ɗalibai:
Tuntsure fa? Ko kife?

Malamin Nahawu:
Kife a ajiye shi, Malama, sai tayoyi sun kalli sama, na mota ne da kwalekwale. Tuntsure ya fi kusa, sai dai babu mahayin a cikinsa. Tulu ma tuntsurewa yake yi.

Bakanike:
Malama mai shiri, bari in gaya miki abin da ake faɗa a gareji, tunda mu ake kawo wa ɓarnar. Mutum zai turo mashin, libar birki ko ta kuloci ta karye daga baki, madubi ya tsage, sigina tana reto, gefen tanki ya ɗan loɓa. Gefe ɗaya kawai, kuma babu ƙarzar kwalta mai tsawo. Kafin ya buɗe baki na san ba a guje ba ne. In na tambaya, cewa yake yi "wallahi rinjaya ta ya yi." Kullum haka nake ji. Mashin ya rinjaye shi.

Abin da ya fi kawo shi kuwa birkin gaba ne. Mutum zai juya a lungu, ya murɗe kan mashin har ƙarshe, yaro ya gifta ko akuya, sai ya damƙe birkin hannu. Gaban mashin ya nutsa, tayar ta tsaya cak alhali a karkace yake, nauyin duka ya zube ɓangaren da aka murɗa. Ba ƙafar da za ta tare wannan in ba a shirye take ba. Da birkin ƙafa ya taka a hankali, yana riƙe da kuloci rabi da ɗan totur, da ya wuce lafiya. Na biyu, mashin ya mutu a tsakiyar kwana saboda an saki kuloci da gaggawa. Ƙarfin injin ne ke riƙe da shi a miƙe, yana ɗaukewa sai ƙasa.

Mai Shirin Hanya:
Allah Ya saka da alheri, Malam. Waɗannan biyun su ne na farko a littafin ma. "Ya rinjaye shi" ta zauna mini sosai. Saura suna.

Malamin Nahawu:
Aikatau ɗin ya yi, so-karɓau ne, kuma ya mayar da babur aikau, wanda shi ne gaskiyar abin da ke faruwa. Amma ba za ki sami suna daga gare shi ba. "Rinjaye" 'yan siyasa sun riga sun cinye shi, kowa zai ji masu rinjaye a majalisa. "Rinjayar babur" kuma tana iya juyewa, a ɗauka mahayin ne ya fi ƙarfin babur. Ga tawa shawarar: faɗi-tsaye. Harɗaɗɗen suna ne a kan tsarin da muke da shi tun kaka da kakanni, faɗi-tashi, faɗi-ka-mutu. Gajere ne, yaro zai riƙe. "Ya yi faɗi-tsaye a gidan mai." Kuma ba mu kaɗai muka bi ta nan ba. Mahayan Japan suna da kalma guda, tachigoke, daga tsayuwa da faɗuwa suka haɗa ta.

Ɗan Maraɗi:
Gaskiya na, Malam. Mu nan abin da munka sani ga takardun Faransanci shi na "chute à l'arrêt", wato hwaɗuwa wurin tsayi. Amma 'yan kabu-kabu ba su faɗin haka. Cewa sukai moto ta kwanta da shi.

Bakanike:
Kwanta kam da matsala, ɗan'uwa. Yaran nan masu wasa da mashin ranar biki, "kwantar da shi" suke cewa in sun shiga kwana a guje. Kada a sa a rediyo su ɗauka yabo ne.

Uwar Ɗalibai:
Allah gafarta Malam, faɗi-tsaye a rubuce ba a bambanta ta da faɗin magana, sai a karanta kamar "yi magana a tsaye". Sannan rabin misalan da aka kawo ba a tsaye suke ba, ana tafiya ne a hankali.

Malamin Nahawu:
Rediyo za a yi, ba jarida ba, tsawon wasali zai raba gardama. Batun tafiya a hankali kuwa, suna ba ma'ana ba ne. Faɗi-ka-mutu ma ba kowane tangaran ke fashewa in ya faɗi ba. A yi amfani da ita sau uku a shiri ɗaya, za ta kama.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
'Yata mai shiri, ni ba malami ba ne, amma na yi shekaru ina acaɓa a Kano har lokacin da aka hana ɗaukar fasinja a farkon 2013. Kada ki manta da jek, ƙarfen nan da ake kafe mashin a kai, a shirin nan. Mutum ya sauke jek bai kai shi ƙarshe ba, ya saki mashin, jek ya koma. Ko ya kafe a kan rairayi, ko ƙasa mai laushi bayan ruwan sama, ya shiga masallaci ya fito ya tarar da shi a ƙasa, mai yana tsiyaya daga kafireta. Ni da murfin gwangwani nake yawo a aljihu, in sa a ƙarƙashin jek. Wanda kuma ya kafe a gangare, kan mashin yana kallon ƙasa, ya bar shi a firi, to mashin zai matsa gaba kaɗan ya naɗe jek da kansa. A bar shi a giya ɗaya, kai ya kalli tudu.

Sai fasinja. Wani bai ce maka komai ba zai taka mataki ya ɗora nauyinsa duka gefe guda, kai kuma ƙafa ɗaya ce a ƙasa kana irga canji. Sai kaya. Jarka huɗu ta lita 25 kilo 100 ke nan, kusan nauyin Boxer ɗin kansa, kuma a sama suke a kan kariya. In ba su cika ba ma sun fi haɗari, ruwan yana kai da komo. Ranar Juma'a kuwa babbar riga. Na taɓa sauke ƙafa a danja, bakin wandona ya sarƙe a kik, ƙafar ba ta kai ƙasa ba. Ina ji ina gani muka tafi da wani dattijo da na ɗauko. Bai ji ciwo ba, amma har yau ina tuna yadda hularsa ta gangara ƙarƙashin wata mota, yana ba ni haƙuri ni da na kayar da shi.

Mai Kishin Harshe:
Ni abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya daban ne. Ana ta wahalar neman kalma ɗaya, alhali duk jimlolin da aka rubuta a nan cike suke da jek, kuloci, totur, kariya, kik, firi, salansa. Wace Hausa ce wannan? In gyara za a yi a yi shi gaba ɗaya. Jek yana da suna, matokari. Babur ɗin ma dokin ƙarfe ne. Kuma me ya sa duk abin da Bature ya raɗa wa suna sai mun bi shi da gudu? Shi ya ga dama ya raba faɗuwa gida biyu, mu faɗuwa faɗuwa ce.

Bakanike:
Ranka ya daɗe, ka je kasuwar kayan gyara ka ce a ba ka matokari, ka ga abin da za a miƙo maka. Shirin nan don masu mashin za a yi. In ba su gane ba, an yi wa wa?

Malamin Nahawu:
Matokari kalma ce mai kyau, ba na musu. Amma dokin ƙarfe keke aka fara kira da shi. Babur kuma ta hanyar Larabci ta shigo mana, ta zauna har ta yi jam'i, babura. Kalmar da ta yi jam'in Hausa ta zama 'yar gida. Birki ma aro ne, ban ji ka ce a koma linzami ba.

Mai Kishin Harshe:
Da an ce linzami tun farko da ya zauna. Sakacin masana ne ya kawo mu nan. Ana da cibiyar binciken harsunan Nijeriya a Jami'ar Bayero, ana da sassan Hausa a Zariya da Sakkwato, amma sunan kayan babur an bar wa gareji.

Ɗan Maraɗi:
To in an ƙirƙiro a Kano, mu sai mu bi ke nan? Ku kun ara ga Ingilishi, mu mun ara ga Faransanci, amma kullum tamu ce aka cewa ba daidaitatta ba. Rediyon nan har nan muna jin shi.

Ɗan Zazzau:
Ba wanda ya raina Hausar Maraɗi, ɗan'uwa. Mu ma Zazzagawa kullum ana mana gorin jinsi, mun saba.

Uwar Ɗalibai:
Don Allah jama'a, baiwar Allah nan jibi za ta shiga ɗakin naɗi. Amma Malam mai kishi, a kan cewa faɗuwa faɗuwa ce, ban yarda ba. Gaskiya ne kalmar "drop" ta fi yawo a bakin masu manyan babura a Amurka da Turai, inda BMW R 1250 GS ke da kilo 249, Honda Gold Wing kuma ya haura 350, in ya karkata kaɗan ba mai tare shi. Namu ba su kai rabin haka ba. Sai dai mu muna ɗora musu buhun masara da mutum biyu, kuma da silifas ake tuƙi. Maganin haɗari rage gudu ne da lura da hanya. Maganin wannan kuwa sanin inda za ka sa ƙafa, da wane birki za ka taɓa. Tunda magani ya bambanta, dole cutar ta sami sunanta.

Bakanike:
Inda za ka sa ƙafa, wannan magana ce. Baƙin mai a dandamalin gidan mai, tsakuwa a bakin titi, kwalta da ta fi gefen hanya tudu. Mutum ya tsaya a baki-baki, ya miƙa ƙafar dama yana zaton ƙasa na nan, ashe kwata ce. Da wanda ya ɗaure taya da sarƙa da dare, da safe ya manta ya ba da wuta. Da mai turawa da ya bar mashin ya karkata ɓangaren da ba ya tsaye. A jikinka ake jingina shi, in ya tafi can gefe hannu kaɗai ba ya dawo da shi. Kuma ki gaya musu in ya riga ya wuce, a sake shi a janye ƙafa. Liba kuɗinta kaɗan ne, ƙwauri ba a sayar da shi.

Mai Shirin Hanya:
Na gode ƙwarai, kowa da kowa. Ga inda na tsaya, lokaci ya ƙure. A cikin bayani zan ce "babur ya rinjaye shi" duk inda mahayi ke kai ko yana turawa. Inda babur ke kafe ba kowa a kai, zan ce "ya tuntsure daga jek". Zan ambaci matokari sau ɗaya tare da jek, Malam mai kishi, in ga ko masu kiran waya za su ɗauka. Sunan shirin kuma "Faɗuwar Tsaye". Na san bai rufe tafiya a hankali ba, zan yi bayani a buɗewa. Baba tsohon ɗan acaɓa, ina neman izinin ba da labarin wandon nan da murfin gwangwani, ba tare da suna ba.

Tsohon Ɗan Acaɓa:
Na ba ki, 'yata. Ki ƙara da cewa a naɗe ƙafar wando kafin a hau.

Malamin Nahawu:
Faɗuwar tsaye ba faɗi-tsaye ba ce. Kin mayar da suna ya koma siffantawa, gaɓa biyar maimakon huɗu, kuma ba za a iya cewa "ya yi" da ita cikin sauƙi ba. Amma tushen ɗaya ne, ba zan ja ba. In an zo buga fassarar a takarda, ina roƙo a sake duba tawa.

Mai Kishin Harshe:
Sau ɗaya ya yi kaɗan. Ki fara faɗin matokari, jek ya biyo baya.

Ɗan Maraɗi:
Ki saka "ta kwanta da shi" ko sau guda, don na wajenmu su san da su akai. Ƙarfe nawa za a sa shirin?

Mai Shirin Hanya:
Zan sa, tare da gargaɗin da Malam bakanike ya yi. Naɗi Alhamis, sai an tace kafin a ba shi lokaci, zan sanar a nan. Yanzu kuma na shiga shafi na gaba na tarar da wata, sunan wurin nan da kuloci ke fara kamawa kafin a sake shi duka. Malam bakanike, me kuke ce masa a gareji?