Ruwa ya taru a bayan idon ƙanwata, an ce sai an fafe farin idon

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Ƙanwata tun tana ƙarama take sa tabarau mai kauri ƙwarai, kuma da aka auna tsawon ƙwayar idonta an samu milimita 17 kacal. Yanzu ganin idonta na dama ya dushe, likita ya ce ruwa ne ya taru a ƙarƙashin tantanin gani da ke can bayan ido har ya ɗaga shi, ya kuma ba da shawarar a fafe wani sashe na farin idon. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ruwan yana ciki, to me ya kai wuƙa bangon ido?

Likitan ido:
Wa alaikumus salam, malam. Tsawon idon babban mutum yakan kai milimita 23 zuwa 24, wanda ya gaza 20 da rabi kuwa ana kiransa nanoftalmos. A irin wannan ido, farin idon ne tushen cutar, domin kaurinsa ya wuce ƙima, yana matse jijiyoyin da ke kwashe jini daga cikin ido, yana kuma hana ruwa mai furotin ratsa bangon ya fita yadda ya saba. A 1980 wani likitan ido mai suna Brockhurst ya bayyana aikin sassauta wa jijiyoyin nan, sai dai yana da wuya, ga haɗarin zubar jini. A 1983 wani likitan ido mai suna Gass ya kawo hanyar da aka fi bi yau, wato a fafe ƙananan tagogi a farin idon, galibi a kusurwoyi huɗu, ruwan ya samu mafita ba tare da an shiga cikin ƙwayar ba.

Wata baiwar Allah:
An yi wa mijina wannan aiki, kuma ruwan bai janye nan take ba, sai da aka shafe watanni. Daga baya tabo ya rufe tagogin, ruwan ya dawo, aka sake aikin, aka shafa maganin mitomaisin a wurin don kada tabon ya sake fitowa.

Mai tambaya:
Allah ya ƙara masa lafiya, Hajiya. Likita, babu maganin da zai isar?

Likitan ido:
Akan gwada sitiroyid, wato maganin rage kumburi, amma a idon da kaurin bango ne sanadi ba kasafai yake yin tasiri ba, kuma idan tantanin ya daɗe a ɗage, gani ba ya dawowa gaba ɗaya. A riƙa auna mata hawan jinin ido a idanun biyu, kuma duk ranar da za a cire mata yanar ido, a sanar da mai tiyatar tsawon idonta tun kafin a sa rana.